Amsar da Ka Ce In Bar Maka

Mu'aither, Doha
Juma'a, ƙarshen watan Safar

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, da fatan Allah Ya sanyaya makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma ba lalle ne ka karanta ba, don tun da ka zama babban mutum ka koyi miƙa takarda ga sakatare ya taƙaita maka. Amma zan rubuta. Yanzu dai ba ka da halin sauya zance, ba ka da halin yin dariyar nan taka ka ce Tanimu ka cika riƙo.

Ina da riƙo, ban musa ba. Shekara talatin da ɗoriya ina riƙe da abu guda, kai ma ka san shi. Ka ce in bar maka tambayar malaminmu Tsoho, kai za ka amsa. Na bar maka. Ba ka amsa a ranar ba, ba ka faɗa mini bayan ranar ba, yanzu kuma an binne ka a Indiya. Ni ga ni nan zaune bayan sallar Juma'a, unguwa ta yi tsit, kowa ya shige ɗaki cikin sanyin esi, ina tambayar mutumin da ba ya ji. Mece ce amsar, Yaya? Ita nake nema, ba wani abu ba.

Bari in maimaita maka labarin daga farko, domin na lura da girma ya zo maka ka iya mantuwa a inda ta yi maka daɗi.

Mu biyu ne 'yan Funtuwa a sashen nan na injiniyan jiragen sama a Ingila. Kana gabana da aji uku tun daga firamare. Kai ka rubuto mini in nemi gurbin karatu, kai ka tare ni a tasha da rigar sanyi a hannu. A lokacin Turawa na shirin harba wani ƙaramin kumbo sama su dawo da shi, su ga yadda zai jure. Farfesan da ke duba aikinmu, wanda muke kira Tsoho a bayan idonsa, ya samo wani yanki na aikin, ya yanko mana namu: a ina za a huda goshin kumbon?

Wanda bai sani ba zai ɗauka wasa ne. Kumbo in ya juyo daga sama, yana faɗowa cikin iskar duniya da gudun da ke mai da iskar wuta. Duk abin da ya leƙo daga jikinsa narkewa zai yi, don haka ba a auna gudunsa da ɗan bututun nan da ke hancin jirgin sama. Sai dai a yi ƙananan kafofi a garkuwar da ke tare masa zafi, a bayan kowace a ɗaura ma'aunin matsin iska. In ta dama ta fi ta hagu jin nauyin iska, ka san ya karkata. Daga bambancin abin da suka ji ake lissafa gudunsa, da karkatarsa, da kaurin iskar da yake ratsawa. Amma kowace huda ƙofa ce ka buɗe wa wuta, shi ya sa ba a yawaita su. Bakwai aka ba mu. Kai ka sa wa garkuwar suna ƙwarya, don kamar ƙwarya take a kife, kafofin kuma ka ce kunnuwa ne.

A wancan zamani kowa jeri ɗaya yake yi: kunne a tsakiya, sauran a layi, kowanne da abokinsa a ɗaya gefen. Mu muka ce a'a. Kumbo ba a miƙe yake shigowa ba, a karkace ake shigo da shi da gangan, inda iska ta fi dukansa ba tsakiyar ƙwarya ba ne. To don me za a ɓata kunne a inda iska ba ta cewa komai? Muka warwatsa namu, huɗu a ƙasa inda dukan ya fi, biyu can kusa da baki, ɗaya shi kaɗai a sama. Hunturu biyu muka yi a ɗakin gwaji muna hura iska a kan 'yar ƙwaryar tagulla. Ni ke hudawa, don hannunka rawa yake. Kai ke lissafi, don a cewarka ƙwaƙwalwar kifi gare ni. Da Hausa muke komai, da ƙarfi kuma, har ma'aikatan wurin suka kai ƙara wai 'yan Afirkan nan za su kashe juna. Kuma namu ya fi nasu, Yaya. A kowane gwaji ya fi. Ban taɓa jin daɗin duniya kamar hunturun nan biyu ba, ko da yake ban taɓa faɗa maka ba.

Rauni ɗaya ne da shi, mun kuma san shi. Garkuwa tana ci tana zaizayewa a hanya, toka na iya toshe kunne ya koma ba da labarin ƙarya. A jerin Turawa sai a gwada shi da abokinsa na ɗaya gefen a kama shi. Namu kuwa babu mai aboki. Ta yaya 'yar kwamfutar kumbon, wadda agogon hannun yaran yanzu ya fi ta basira, za ta gane maƙaryacin ta yar da shi? Mun san ranar da kwamitin masu kumbon zai zo, wannan za a tambaya.

Ana gobe za su zo, muna cikin bas da la'asar, ka damƙi gwiwata har na ji zafi, ka ce ka samu. Na ce faɗa mini. Ka ce a'a, in bar maka, gobe zan ji tare da kowa, so kake ka ga yadda bakina zai buɗe a gaban Turawa. Na roƙe ka har muka sauka, kana ta dariya kana cewa yaro ya koyi haƙuri.

Washegari na yi bayanin huda, ka yi na lissafi, 'yan kwamiti na gyaɗa kai. Sai Tsoho ya miƙe. Ya yi tambayar, kamar yadda muka zata. Amma bai tsaya nan ba. Ya ƙara da cewa shi a iya saninsa, bayan shekarun da ya kwashe a wannan fage, babu yadda za a yi, jerin nan kyan gani kawai gare shi. Ya zauna yana kallonka.

Na juyo ina jiran bakina ya buɗe. Sai na ga ka sunkuyar da kai, ka haɗa hannuwa a baya, irin tsayuwar da muke yi a gaban hedimasta. Na taɓa ka da gwiwar hannu. Ba ka motsa ba. Ni ba ni da amsar, in ma ina da ita, ta yaya zan yi magana wana yana tsaye bai yi ba? Shugaban kwamitin ya jira, ya dube ka, ya dube ni, ya rubuta wani abu, ya ce a wuce batu na gaba. Jerin Turawa aka huda wa kumbon. Ya tashi, ya dawo, na gani a mujalla. Sunayenmu na can ƙasan shafi cikin waɗanda aka gode wa, naka ma ba a rubuta shi daidai ba.

A hanyar gida ranar ka ce mini wai ba za ka ƙaryata malaminka a gaban baƙinsa ba. Mutumin da ya sa hannu aka ƙara mana wa'adin karatu, wanda matarsa ta yi jinyarka lokacin da sanyi ya kama ƙirjinka. Da tambaya kawai ya yi, da ka amsa. Amma ya ce babu, kai kuma ba za ka ce akwai ba a bainar jama'a. Za ka same shi a ofis shi kaɗai. Kafin ka gama neman lokacin da ya dace, kwamiti sun koma ƙasarsu, an rufe maganar, ka ce to me ya rage, ka fasa zuwa.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Ranar da na je yi wa Tsoho sallama zan dawo gida, ya tsayar da ni a bakin ƙofa ya ce har yau abin na damunsa. Ya ce da gangan ya tsananta, don ya ba ka fili ka kayar da shi a gaban kwamiti. Su a wurinsu haka malami ke tallata ɗalibin da yake ji da shi. Da ya ga ka sunkuyar da kai, sai ya ɗauka ba mu da ta cewa, har ya zargi kansa da jefa mu cikin abin da ya fi ƙarfinmu. Ka ji, Yaya? Kai kana yi masa kara, shi yana yi maka alfarma, kumbo ya tashi babu mu. Na ɓoye maka don na san zai ƙona ka. Yanzu kuwa ina so ka sani.

Daga ranar nan zuwa kamuwarka da ciwo, sau biyu na tambaye ka amsar. Na farko a makon da kwamiti suka zo, ka ce in bari zuciya ta huce tukuna. Na biyu a Funtuwa, ranar sunan ɗana, wanda na sa wa sunanka duk da haushin da nake ji, muke kiransa Baffa. Ka ce haba Tanimu, wa ke zancen kumbo a garin da wutar lantarki ke zuwa kamar baƙuwa. Mutanen da ke kan tabarma suka yi dariya, ni ma na yi. Bayan wannan da wane ido zan sake tambayarka? Na ce zan gano da kaina. Na cika takardu, na yage, na sake cikawa. Ban gano ba.

Kai ka yi gaba. Farfesa, shugaban tsangaya, kwamiti kaza da kwamiti kaza, babbar riga da direba. Ba ka sake taɓa lissafin iska ba, ban kuma ga alamar ya dame ka ba. Ni na tsaya a aji ina zana kumbo a allo ga yaran da ba su taɓa shiga jirgi ba. Injin gwajin iskar da aka ba sashenmu kyauta, masu shara suka mai da shi ma'ajiyar tsintsiya. Da na gaji na taho nan. Ka san aikin da nake yi? Ban taɓa faɗa maka dalla-dalla ba, kai ma ba ka tambaya ba, ka fi so ka riƙa cewa ƙanina injiniya ne a Katar. Wani ɗan kamfani ne a Mesaimeer, bayan shagunan taya. Ana kawo mana ma'aunan matsi daga bututun gas, in ɗaura su a benci, in gwada, in manna musu sitika cewa gaskiya suke faɗa. Shugabana bai kai Baffa shekaru ba. In na daɗe a kan guda sai ya leƙo ya ce da Larabcinsa yalla Baba, halas, wato ya isa haka, manna sitika. Wannan ne inda karatun Ingila ya sauke ni.

Matata Binta ta koma gida tun da gwiwoyinta suka matsa mata, ta ce gara ta yi ciwonta kusa da jikokinta. Na saki gidan, na kama ɗaki ɗaya a nan Mu'aither. Abokin cin abincina na Juma'a shi ne Isaka, mutumin Kumasi, yana gadi a kasuwar Souq Waqif. Mutumin kirki ne. In aka nuno wani kumbo ya sauka, nakan tsayar da bidiyon a waya in faɗaɗa hoton ina neman kunnuwan, ina ƙirga su. Na taɓa nuna masa. Ya duba don ya faranta mini, sannan ya ce Masa Injiniya, haka yake kirana, mutanen nan sun gama da ƙasa ne da suke zuwa tsokanar sama? Muka yi dariya, na mai da wayar aljihu. Wa zan gaya wa cewa kunne na biyun daga hagu an ɓata shi? A duk duniya kai kaɗai ne za ka ce mini ƙarya nake, mu fara gardama.

Abin da ya sa na yi tambaya ta uku, wata 'yar Katsina ce, Dakta Hauwa, tana koyar da injiniya a wata jami'a a nan. A wurin walimar suna aka haɗa mu, mijinta ya ce mata ga wani dattijo da ya taɓa aikin kumbo. Na zana mata jerinmu a takardar goge hannu. Daga baya ta gayyace ni gidansu ta buɗe kwamfuta. Ta ce yanzu ba mutum ke zaɓen wurin huda ba, kwamfuta ke gwada jeri iri-iri har ta tsaya a kan wanda ya fi, kuma ta sa tata ta gwada, abin da ya fito bai yi nisa da namu ba. Ta ce Baba, kun riga zamaninku. Na san don in ji daɗi ta faɗa. Ban ji ba. Batun kunne maƙaryaci kuwa, ta ce an daɗe da samun hanyoyi, ta nuna mini nata, na ga duk lissafi ne mai nauyi. Na ce hanyar wana ba ta bukatar wannan, da 'yar kwamfutar wancan zamani za ta yi aiki. Ta gyara zama, idonta ya yi haske, ta ce yaya take? Na ce ban sani ba. Ta ƙara mini shayi cikin ladabi. Ta ɗauka tsufa ne ya cinye.

Ba a daɗe ba ka kira ni ka ce za a kai ka Indiya a duba hantarka, jirginku zai ya da zango a Doha daga azahar zuwa bayan isha, kai da ɗanka Nura. Na ɗauko ku na kai ku Souq Waqif. Nura ya shiga layin masu turare neman saƙon mahaifiyarsa, ya bar mu a wani ɗan shagon shayi. Ka rame, Yaya. Hularka ta yi maka yawa. Ka ce a kawo maka karak, shayin nan nasu mai madara, da sukari, tunda likita ba ya nan. Na jira ka kurɓa, sannan na rufe ido na tambaya.

Ba ka yi dariya ba. Ka ce kai ma shekaru kana jira in sake tambaya, don ba ka da fuskar tayar da zancen da kanka. Ka zazzage dabinon da aka kawo mana a kan tebur, ka kife ɗan kwanon, ka tsoma yatsa a shayi ka ɗiga masa ɗigo bakwai. Kowanne a wurinsa. Ashe ba ka manta ba. Ashe duk shekarun babbar rigar nan yana cikin kanka. Ka fara da cewa a ɗauki kunnuwan uku-uku, wanda na riga na sani. Ni kuwa hannunka nake kallo, da tabon allura a bayansa, ina jin muryarka ta koma irin ta ɗakin gwaji, har ka ce mini mai ƙwaƙwalwar kifi, in natsu. Na natsu. Ka ɗaga yatsa ka ce to, Tanimu, ga inda ka kasa gani.

Sai muka ji sallama a kanmu.

Juma'ar da ta gabaci zuwanka na faɗa a masallaci cewa wana zai ratsa ba shi da lafiya, a sa shi a addu'a. Ya zan yi? Baƙo irinka ya shigo gari in ɓoye shi? Isaka ne a gaba, yana ta faɗin ga mu mun zo gai da Alhaji. Bayansa likitoci biyu, da wani tsohon ɗalibinka da ke kamfanin gas, wanda ya durƙusa har ƙasa da farar shaddarsa, da wasu da ban ma san su ba. Ya jiki, ya hanya, ya aka baro mutanen gida, ya jikin kuma. Kowa sai da ya yi tasa. Aka jawo kujeru, aka ɗauki hotuna, wani malami ɗan Tamale ya ɗaga hannu ya kama addu'a mai tsawo. Ina amin ina kallon kwanon. Ɗigon shayi ba ya jiran addu'a. Kafin a shafa sun bushe. Mai shago ya zo ya kwashe.

Wa zai kori wanda ya zo duba mara lafiya? Ni ban isa ba. Amma kai ka isa. Kai ne babba, kai ne majinyaci, da ka ce su ɗan ba mu wuri ba wanda zai ji haushi. Na dube ka ina roƙonka da ido. Na ga kana jin daɗi. Kana tambayar kowa sunan garinsu, kana sa albarka. Aka kira magariba, aka yi jam'i, ɗalibinka ya rantse shi zai kai ka filin jirgi a motarsa. Kana gaba, ina baya tsakanin Nura da Isaka. A bakin shiga ka riƙe hannuna ka ce sai a dawowa, kuma wannan karon in rufe bakina a masallaci, in nemo ƙwarya ta gaske, ba kwanon dabino ba.

Na nemo. Isaka ya karɓo mini a wurin wata 'yar garinsu mai sayar da koko. Na huda ta a wurin aiki lokacin hutun rana, huda bakwai, hannuna bai yi rawa ba. Shugabana ya tambaya ko abin kiɗa nake haɗawa. Tana kan benci ranar da Nura ya kira ya ce ka rasu.

Na bari aka yi sadakar bakwai, sannan na sake kiransa na tambaya ko ka bar mini saƙo. Ya ce a kwanakin ƙarshe ka yi ta surutai. Ka riƙa kiran sunana, kana zancen ƙwarya da kunnuwa, kana zana wani abu da yatsa a kan bargo, kana cewa a rubuta. Ya ce har ka maimaita, a hankali, kamar mai koyarwa. Shi lauya ne, Yaya, me ya sani? Ya ɗauka zafin ciwo ne ya taɓa kanka. Ya kama hannun ya kwantar da shi, ya ce Baba a bar zancen duniya, a yi salati. Ka bi shi, ka kama salati. Na ce ya tuno mini ko da kalma ɗaya. Ya ce uku-uku dai ya riƙe, sai kuma wani abu wai a juya. A juya me? Ƙwaryar? Lissafin? Ban ga laifin yaron ba, abin da ya kamaci ɗa ya yi. Na gode masa, na ce Allah Ya ba shi lada.

Labarin gida kuwa, Hajiya Rabi ta fita takaba, ta koma gidan Nura da zama. Autarka ta haihu, namiji, an mayar da sunanka. Jami'a ta shirya taron tunawa da kai, Baffa ya je ya turo mini bidiyo. Wani ya tashi ya ce kai masanin sararin samaniya ne, Turawa sun yi ta roƙo ka zauna ka ƙi don kishin ƙasa. Aka tafa. Ba wanda ya ambaci huda ko ɗaya. Ba wanda ya ambace ni, ban kuma yi tsammani ba. Ni ma kafil, wanda ya tsaya mini a ƙasar nan, ya ce bana ba za a sabunta mini iƙama, takardar zama, ba, shekaru sun wuce. Zan koma Funtuwa in zauna a ƙofar gida, a riƙa cewa Injiniya ya dawo, a kawo mini fanka in gyara.

Da na kira Hajiya don in yi mata ta'aziyya, ta ce in akwai wani abu tsakaninmu in yafe maka. Na ce na yafe, kuma da gaske nake: ba na so a tsayar da kai gobe ƙiyama saboda ni. Amma haushin nawa ne. Shi kaɗai ya rage mini da nake yi da kai, ba zan ba kowa ba. Har yanzu in na idar da sallar asuba nakan zauna in ɗauki kunnuwan uku-uku, in juya, in sake juyawa. Wani lokaci nakan ce ko dai kuskure ka yi a bas ɗin nan, amsar ma ba ta aiki. Da na tabbata haka ne, da na huta. To ko wannan ba zan sani ba.

Na bar ka lafiya, Yaya. Allah Ya jiƙanka, Ya yi maka rahama, Ya kyautata tamu in ta zo. Duniya ba ta yi asarar komai ba, kumbonta na ta sauka lafiya. Ni na yi. Ka faɗi amsar, da Hausa, a hankali, a ɗakin asibiti a Indiya. Mutum ɗaya ne zai gane ta, kuma ba na wurin.

Ƙaninka,
Tanimu